Cimpanzi da Bishiya: Abin da Gidan Zu Ke Bukatar Sani

Assalamu alaikum masu kallo, daga nan Garwa.

Birran da muke cin karo da su a bakin hanyar Ngaundere, wajen dajin Benuwe, bika ne, kuma yawancin yininsu a ƙasa suke yi. Cimpanzi, wani babban biri na kurmin Afirka, ba haka yake ba. Ku dubi jikinsa: ba wutsiya, hannaye sun fi ƙafafu tsawo, babban yatsan ƙafa kuwa yana damƙe reshe tamkar hannu. Allah Ya gina shi don hawa.

A Kamaru iri biyu ne, kogin Sanaga ya raba su. Na arewacin kogin yana dajin Mbam da Jerem, yana kuma Gashaka Gumti a Najeriya. Cadi ba ta da shi a daji.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne barcinsa. Kowace yamma sai ya hau bishiya, ya lanƙwaso rassa, ya saƙa su, ya shimfiɗa ganye a kai, cikin 'yan mintuna ya gama gado. Gobe kuma ya sake wani sabo. Jariri ne kaɗai ke kwana a gadon uwarsa, a nan yake koyon saƙar. Abincinsa ma a sama yake, musamman ɓaure. Idan babban namiji ya tada rikici, sama ƙanana ke gudu.

To, ku saka wannan dabba a ɗakin siminti mai faɗi, babu abin hawa. Sai ya fara kaɗa jiki gaba da baya, yana tsige gashinsa. Wallahi ganin haka yana ɓata min rai, don mai kallo yana ɗauka wasa yake yi.

Shi ya sa gidajen zu masu kula suke fifita tsawo. Sukan kafa dogayen gungume, su ɗaura igiyoyi da tsofaffin tiyo na 'yan kwana-kwana, masu lilo kamar reshe, su ba shi ciyawa da ganye ya yi gadonsa da kansa, su ɓoye abinci a sama ya nema. Bishiya mai rai sai an kare ta, in ba haka ba ya ɓare ɓawonta ta mutu. Wasu sukan kewaye wurin da ruwa tunda ba ya iya iyo, amma hakan ya sha jawo nutsewa.

A cibiyoyin ceton birrai na Limbe da Mefu da Sanaga-Yong a Kamaru ana renon marayun cimpanzi da mafarauta suka kashe wa iyaye, kuma a rukuni ake ajiye su, cikin shinge mai wurin hawa.