Amsoshin Tambayoyinku: Wasan Daɓe da Masu Riƙe Shi

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙu biyu muka ɗauko yau, kuma dukansu a kan wasan daɓe suke, wato wasan kwaikwayon da ake yi ido da ido, ba na fim ba.

Ta farko daga wani malamin makaranta ce a Funtuwa. Ya ce shi da abokansa sun kafa ƙungiyar wasa, amma duk wasan da za su yi sai sun yi karo-karo daga aljihunsu. Ya ji an ce gidajen wasa na Turai suna da kakar wasanni da mambobi masu biyan kuɗi, shi ne yake neman bayani.

To malam, gidan wasa a can yakan fitar da jerin wasannin da zai yi tun kafin a fara, yawanci daga wajen Satumba zuwa Mayu ko Yuni. Wannan ita ce kakar. Mamba kuma yana biyan kuɗi sau ɗaya a shekara, a ba shi kati, ya riga kowa sayen tikiti, a yi masa rangwame. Ribar gidan ita ce kuɗi na shigowa tun ba a ɗinka kayan wasa ba.

Ni dai a ganina ba sai kun kwaikwayi watanninsu ba. Kalmar kaka ai tamu ce. Bayan girbi ne ake dambe da kokawa, domin a lokacin manomi ke da kuɗi da sarari. Ku ɗora wasanninku a nan, ku kauce wa damina da azumi. Ku fara da mutum talatin ko arba'in da suka yarda da ku, ku naɗa ma'aji mai amana, kowa a ba shi rasit kamar yadda uwar adashi ke riƙe lissafinta. In an ce wasa ranar Asabar, to ya zama Asabar ɗin. Saɓa alkawari sau ɗaya ya isa ya watsa muku mambobi. Kuma ana iya daɗewa a harkar nan a Arewa: ƙungiyar wasa ta Jos Repertory Theatre da Patrick-Jude Oteh ya kafa a 1997 ta shafe shekaru tana shirya bikin wasan daɓe a Jos.

Wasiƙa ta biyu daga wata ɗaliba ce a Damagaram. Tana tambaya, shin da gaske ne ɗaliban jami'a a Zariya kan kai wasa har ƙauye?

Ƙwarai kuwa, malama. A tsakiyar shekarun 1970 Michael Etherton, wanda ya taɓa koyarwa a Zambiya, ya zo Jami'ar Ahmadu Bello. A lokacin ne aka gina musu dandalin wasa da laka, irin ginin gargajiya mai zauruka, bisa zanen Steven Ehrlich. Amma ba su tsaya a harabar jami'a ba. A 1977 suka kai Wasan Manoma garin Soba, daga baya aka yi na garuruwan Maska da Bomo. Malamai irin su Salihu Bappa da Oga Steve Abah sun yi suna a wannan aiki.

Abin da ke burge ni shi ne yadda ake haɗa wasan. Ba a zuwa da rubutaccen labari. Ɗalibai za su gaida dagaci, su zauna a gindin bishiya da majalisar dattawa, ɗalibai mata su shiga cikin gidaje, a saurari abin da ke ci wa mutane tuwo a ƙwarya: takin zamanin da bai iso ba, gonar da aka karɓe, bashin da ya yi kanta. Da wannan ake ƙulla wasan, a yi shi a dandalin gari da kiɗa da waƙa, ba tikiti ba ƙofa. Idan an gama sai a buɗe fili, manomin da ya ga kansa a cikin wasan ya miƙe ya ce a'a, ba haka abin ya faru ba, a gyara.

Malam na Funtuwa, Maska ai a ƙofar gidanku take. Kafin ku buga katin mambobi, ku ɗauki yini guda ku je ku zauna da dattawan garin, ku tambaye su ko akwai mai tuna zuwan 'yan Samaru, wato ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello.