Lacca kan kalmar "wannabe": asalinta da inda ake tuntuɓe da ita

Jama'a, barkanmu da warhaka. Kalmarmu ta yau ita ce "wannabe", ana furta ta kusan "wonabi". Asalinta "want to be" ne, wato son zama wani abu. Ba'amurke idan yana sauri yakan haɗiye "want to" ya ce "wanna", sai aka liƙa mata "be" ta zama suna, jam'inta "wannabes".

A farkon shekarun 1980 masu wasan hawa igiyar teku a Amurka suna jifan 'yan ganin-an-yi da ita, masu sayen allon wasan su yi ta yawo a gaɓa alhali ba su iya ba. Amma mawaƙiyar Amurka Madonna ce ta fito da ita kasuwa. A 1985 'yanmata suka riƙa cika wuraren wasanta sanye da irin shigarta: safar hannu ta leshi mai yankakkun yatsu, awarwaron roba jere har gwiwar hannu, ƙyalle ɗaure a gashi. Mujallar Time ta watan Mayun shekarar ta kira su da wannan suna, daga nan ya bi gari. A 1996 waƙar farko ta 'yan Spice Girls na Ingila ta ɗauki kalmar a matsayin take, ta kai ta ko'ina.

To, ku kula da wurin ajiye ta. Da sunan mutum, galibi bayansa take zuwa: "Madonna wannabe". Da sunan sana'a kuwa, gaba ko baya duk daidai ne: "wannabe actor" ko "actor wannabe".

Kada ku haɗa ta da "copycat". Shi wannan aikin wani yake kwafa, kamar ɗalibi mai satar amsa. "Wannabe" matsayin yake kwaɗayi, ya yi shigar, ya koyi tafiyar, amma ƙwarewar babu.

Babban kuskuren da nake gani a rubutun ɗalibai shi ne ɗaukar ta kalmar yabo. Akwai raini a cikinta. Mutum ya rubuta a takardar neman aiki cewa shi "wannabe journalist" ne, ai ya yi wa kansa ba'a tun kafin a kira shi ganawa. A irin wannan wuri "aspiring" ake sawa, wato mai burin zama. Ita "wannabe" a bar ta ga hira da zolaya tsakanin abokai, ko kanun jaridun nishaɗi.