Hoton ɗalibai da biri: hannun nan miƙawa yake yi ko janyewa?

[Allo: hoton da ake jayayya a kai, an dusashe fuskokin yaran da bajon rigarsu]

Jama'a, assalamu alaikum. Wannan hoton na san da yawanku kun riga ni ganinsa. Ya zaga guruf-guruf ɗin WhatsApp na iyayen yara a nan Legas, daga Agege zuwa Mile 12, ya leƙa Idi-Araba, har 'yan Alaba Rago sai da suka tofa albarkacin bakinsu. Yara uku ne cikin yunifom, an kai su yawon buɗe ido gidan namun daji. Ɗaya ya miƙe hannu wajen biri, a hannun akwai wani abu mai ɗan tsawo, birin ya yage baki duk haƙora a waje, sauran biyun kamar dariya suke. A ƙasa an rubuta wai 'yan makarantar kaza ne ke zungurar dabba da sanda, a kore su.

Fuskokin mu muka rufe, sunan makarantar ma ba za ku ji shi a nan ba. Yara ne, kuma har yanzu ba wanda ya tabbatar da komai a kansu.

Mutane sun rabu gida biyu. Wasu na cewa haɗi ne, aikin ƙirƙirarriyar basira ne, 'ya'yanmu ba za su yi haka ba. Wasu na cewa ai gani ya kori ji, ga hoto ƙiri-ƙiri, me kuma ake jira? Ni kuwa ina ganin duka ɓangarorin biyu sun tsaya gardama a kan abin da ya fi sauƙi, sun tsallake wurin da aikin yake. Amma bari mu fara share mai sauƙin da sauri.

[Allo: ana buɗe Google Lens a waya]

Na farko, ka nemi hoton a intanet. Ka saka shi a Google Lens ko TinEye, ka ga ko ya taɓa fitowa a wani wuri. Idan ka tarar an wallafa shi shekara uku da suka wuce a wata ƙasa, magana ta ƙare, kowa ya kama gabansa. Idan ba ka samu komai ba, kada ka yi saurin cewa sabo ne. Abin da ke yawo cikin WhatsApp a kulle yake, waɗannan manhajojin ba sa ganinsa.

Na biyu, alamun haɗi. Ƙirga yatsu, duba rubutun allon gargaɗi da ke bayansu ko yana karantuwa, duba inuwa ko duk gefe ɗaya ta faɗi. A wannan hoton ba mu ga abin da ya saɓa ba. Na uku, yunifom. Hajiya, don Allah ki tsaya bakin titin Agege da ƙarfe bakwai na safe ki ƙirga makarantun da ke sa fari da shuɗi. Launin riga ba suna ba ne.

Sai kibiyoyi biyun nan da ke saman saƙon. Ma'anarsu an yi ta tura shi hannu zuwa hannu, aƙalla sau biyar a jere. Yawan turawa suke nunawa, ba ruwansu da gaskiya ko ƙarya. Kuna tuna 2019, lokacin da labari ya cika ƙasar nan cewa goggon biri ya haɗiye kusan naira miliyan bakwai a gidan zoo na Kano? Har jaridun Turai suka ɗauka. Daga baya gwamnan Kano na lokacin, Ganduje, ya fito ya ce gidan ma ba goggon biri a cikinsa. Bawan Allah an ɗora masa sata, shi ko zuwa garin bai yi ba.

To, mu ɗauka hoton na gaskiya ne. Ba haɗi, ba tsoho ba, yaranmu ne. A nan ne mafi yawan mutane ke rufe littafi su yanke hukunci, a nan kuma muke so ku ɗan rage sauri.

[Allo: bidiyo, hanyar katako cikin kurmi, birai na tsalle a kan madogarin gefen hanya]

Nan Lekki Conservation Centre ne, dajin da gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, NCF, ta kafa a 1990, wajen hekta 78 a tsakiyar gine-ginen Lekki. Ba a nan aka ɗauki hoton da ake magana a kai ba, mun zo ne saboda biran nan a sake suke, ba keji. Irin da ake kira mona ne, masu farin ƙirji, suna da 'yar jaka a kumatu inda suke cusa abinci su gudu da shi. Duk wanda ya taɓa zuwa ya san halinsu. Su ji ƙarar leda kawai.

Ku kalli mutumin nan mai jar hula. Ba ruwansa da kowa, tafiyarsa yake, da ledar biskit a hannu. Ku duba sama ta hagu.

[Bidiyon ya ci gaba ba magana, biri ya diro ya kai wa ledar cafka, mutumin ya fizge hannu]

Kun gani? Bari mu maimaita a hankali. Wayar da muka ɗauka da ita tana yin hoto talatin a kowace daƙiƙa, wato bidiyon daƙiƙa goma hotuna ɗari uku ne a jere. Zan tsayar da shi a guda ɗaya.

Nan. Hannu a miƙe, leda a gaban hancin biri. Wannan in na tura muku shi haka, na rubuta "wani yana ciyar da birai duk da an hana", wa zai musa? Mu matsa gaba kaɗan, hoto shida kacal. Nan kuma. Hannun ya yi sama, yatsu a dunƙule, birin ya kwantar da kai. Wannan sai in rubuta "wani yana dukan biri". Shi ma ba mai musawa. Alhali abin da ya faru kun gan shi da idonku: kwace aka zo yi masa, ya kare kayansa.

Duka hotunan biyu na gaskiya ne. Ban taɓa ko ɗigo ɗaya a cikinsu ba. Kai su wajen duk wani gwanin kwamfuta a Computer Village da ke Ikeja, zai ce maka ba haɗi. Amma rubutun da na maƙala musu ƙarya ne tsagwaronta.

Dalili shi ne, da rana tsaka kyamarar waya takan buɗe ta rufe cikin kashi ɗaya bisa ɗari biyar na daƙiƙa, wani lokaci ma ƙasa da haka. A ɗan wannan taƙin, hannun da ke tafiya gaba da hannun da ke dawowa baya kamanninsu ɗaya. Hoto ba ya nuna inda motsi ya nufa, ba ya nuna wa ya fara. Kamar ka leƙa ta taga ka hango mutum biyu riƙe da kuɗi ɗaya a tsakaninsu: mai biya wanne, mai karɓa wanne? Sai ka jira ka ga aljihun da kuɗin suka shiga.

[Allo: a koma kan hoton farko, a jawo bakin birin]

Haƙoran nan ma da ake cewa shaida ce an zungure shi. A wajen birai da dama, yage baki haka alamar tsoro ce ko miƙa wuya, wani lokaci barazana. Hayaniyar yara arba'in da suka sauko daga bas lokaci guda ta isa ta sa shi yin haka. Kai, zura masa ido kawai ya isa, domin su a wajensu kallon cikin ido neman faɗa ne. Zungura ma tana sa shi, ban ce ba ta sa shi ba. Abin da nake cewa, bakin bai zaɓar mana guda daga cikin ukun ba. Dariyar yaran biyu kuwa, duk wanda ya taɓa ganin yaro ya firgita ya san fuskar ihu da ta dariya ba su da nisa.

Abin da ke hannun kuma? Mun jawo shi iya jawowa, duk ya farfashe ya zama ɗigo-ɗigo. Yana iya zama sanda. Yana iya zama guntun rake. Wallahi a Legas ɗin nan yana iya zama Gala.

[Allo: filin ƙwallo, kujeru biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya]

Saura tazara, don an ce yaron ya tsallake shinge ya manne da keji. Ga kujeru biyu, tsakaninsu mita biyu, mun auna. Ku ɗauki ta gaba yaro, ta baya keji. Yanzu mai kyamara yana tsaye mita ɗaya daga ta gaba. Ta baya tana nesa da shi mita uku kenan, ninki uku, shi ya sa ta yi ƙanƙanta, tazarar ta fito sarai.

Malam, ja da baya. Ƙara. Ƙara dai. Tsaya nan.

Yanzu yana mita ashirin, ya jawo hoton da yatsu biyu. Ta gaba na mita 20, ta baya na mita 22. A wajen kyamara bambancin ya zama kaɗan, sai ga su kamar a jingine da juna. Ba wanda ya motsa kujera. Mai ɗauka ne ya canja wuri. Haka kuma ragar waya ta keji: in ka kusanto da kyamara dab da ita ka saita kan dabbar da ke can ciki, ragar sai ta dusashe har ta kusa ɓacewa. Sai a ga kamar ba komai tsakanin mutum da zaki.

Don haka tambayar da ta dace a yi ba "hoton na gaske ne?" ba ce kaɗai. A tambaya: me ya faru kafinsa, me ya faru bayansa, kuma mai ɗauka ina ya tsaya? Amsar duk tana wuri ɗaya, cikin wayar da ta ɗauka.

[Allo: jerin fayiloli a wayar Android]

Ku duba sunan hoton da ya zo muku. Zai fara da IMG, sai kwanan wata, sai haruffa WA da lamba. Wannan kwanan watan ranar da ya shigo wayarka ce, ba ranar da aka ɗauka ba. Mutane da yawa a nan suke zamewa, su ce ai ga shi ranar da aka kai yara. WhatsApp in ya aika hoto a matsayin hoto, matse shi yake, ya kuma goge bayanan da kyamara ta rubuta a cikinsa: lokaci, irin waya, tsawon jawowa, wani lokaci har wurin. Sikirinshot ya fi muni, shi hoton hoto ne.

Abin da za ku roƙa shi ne a turo shi a matsayin fayil, ta wurin da ake tura takardu, daga wayar farko. Haka bayanan ke biyo shi. Kuma kada a turo shi shi kaɗai. A haɗo da biyar na gabansa da biyar na bayansa. Ba wanda ke zuwa gidan zoo ya ɗauki hoto ɗaya tak, mu da ko a biki sai mun cika waya. Wayoyi irin su Tecno da Infinix sukan sa awa da minti da daƙiƙa a cikin sunan fayil, sai ka jera su ka ga labarin yana tafiya. In akwai giɓi a daidai wurin da ake jayayya, ka tambayi dalili. In iPhone ce kuma Live Photo na kunne, ta riga ta adana daƙiƙa ɗaya da rabi kafin a danna da ɗaya da rabi bayan an danna. Danne hoton da yatsa, zai motsa, a nan take a ga hannun ina ya nufa. Samsung ma na da irin wannan.

Bayanan nan ana iya sauya su, agogon waya ma yana iya yin kuskure, saboda haka a haɗa da bakin malamin da ya raka yaran, da mai kula da dabbobin da ke bakin aiki ranar, da kyamarar tsaro in wurin na da ita.

[Allo: allon gargaɗi a jikin shinge, yara na wucewa daga nesa]

Kada wani ya ce na wanke yaran. Ban wanke su ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari; na sha ganin yara, har da manya masu gemu, suna jifan kada da dutse wai don ya motsa a yi masa hoto. Wannan rashin imani ne, kuma haɗari ne. A watan Fabrairun 2024, zaki ya kashe ma'aikacin da ya shafe shekaru yana kula da shi a gidan namun dajin jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife. Wanda ya san dabbar ciki da waje kenan, balle ɗan JSS da ya zo yini ɗaya. In asalin hotunan suka nuna sanda ce kuma zungura ce, a hukunta su, a kuma tambayi malaman da suka raka su inda suke a lokacin.

Amma a ce an kori yaro, ko an tara shi gaban asambili an tozarta, a kan sikirinshot ɗin da ya bi ta hannu goma, wannan ni ban yarda da shi ba. Iyaye nawa ne a Agege ke tara kuɗin makaranta da gumin goshi, daga turin baro zuwa gadi?

Ranka ya daɗe shugaban makaranta, Alhaji shugaban ƙungiyar iyaye, aikinku na farko shi ne bin saƙon baya-baya: wa ya turo maka, shi kuma wa ya turo masa, har a kai ga mai wayar. In ya ce ai ya goge, a buɗe kwandon shara na cikin ma'ajiyar hotunansa. iPhone da Samsung suna riƙe abin da aka goge har kwana talatin kafin ya tafi gaba ɗaya, saboda haka a je masa cikin makon nan.