Metanol Daga Iskar Kwal: Ina Hayaƙin Ya Tafi?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci.

A birnin Guiyang da ke kudu maso yammacin ƙasar Sin, dubban motocin tasi sun bar shan fetur. Abin da ake zuba musu a tanki shi ne metanol, wani ruwa garai-garai mai kama wuta, wanda akasarinsa daga kwal ake samo shi. Gwamnatin Sin ta fara gwajin irin waɗannan motoci a shekarar 2012 a lardunan Shanxi da Shaanxi da birnin Shanghai, daga baya ta haɗa da Guizhou da Gansu, kuma kamfanin Geely ne kan gaba wajen ƙera su. Dalilin Sin a fili yake: tana da kwal jibge a ƙarƙashin ƙasa, amma yawancin ɗanyen man da take sha sayo shi take yi daga waje.

Yadda ake yin sa kuwa, ana turara kwal da tururi da iskar oksijin cikin zafi mai tsanani har ya rikiɗe ya zama gas. A tace gas ɗin, a cire masa farar wuta, sannan a matse shi ya bi ta kan sinadarin tagulla da tutiya, sai metanol ya fito. Tun 1923 kamfanin BASF na Jamus ya fara sarrafa metanol ta hanyar matse gas.

A kan titi, metanol ya cancanci yabo. Ba ya fitar da baƙin hayaƙin nan mai kunkunniya da muka saba gani daga salansar manyan motoci, ba kuma shi da farar wuta. Yaron da ke tsaye a bakin hanya, ko mai fama da asma, zai ji bambanci a ƙirjinsa, kuma wannan ba ƙaramin alheri ba ne. Sai dai lita ɗaya ta metanol kusan rabin ƙarfin litar fetur take bayarwa, don haka direba zai riƙa yawan komawa gidan mai. Guba ne kuma: kaɗan aka sha yana makantarwa, har ya kashe. Idan ya kama da wuta da rana, da ƙyar ido ke ganin harshenta.

Babbar damuwata tana can masana'anta. Kafin a samu metanol daga kwal, ana sakin iskar kabon mai ɗumama duniya da yawan gaske, ta yadda idan aka lissafa tun daga mahaƙa har zuwa salansa, abin da ya fita ya zarce na fetur. Ga ruwa mai yawa da aikin ke lashewa, alhali yawancin masana'antun suna yankunan arewacin Sin masu ƙarancin ruwa irin su Ningxia da Mongoliya ta Gida. An share iskar birni, an jibga wa sararin samaniya. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Amma akwai wata iskar kwal da lissafinta ya bambanta. Masu narka ƙarfe sukan gasa kwal a manyan tanderu kafin su yi aiki da shi, kuma gashin yana fitar da gas wanda fiye da rabinsa haidirojin ne, wato iskar da ake buƙata wajen haɗa metanol. A da, wurare da dama ƙone shi kawai suke yi a bakin bututu. Mayar da wannan gas metanol riba ce daga abin da ake zubarwa, kuma shi nake goyon baya. A 2022 aka buɗe wata masana'anta a Anyang, lardin Henan, da fasahar wani kamfanin ƙasar Iceland, inda ake haɗa haidirojin ɗin tanderu da iskar kabon da aka kamo daga hayaƙin masana'anta, ana sa ran tan 110,000 na metanol a shekara.

Saboda haka nake kira ga hukumomin da ke ba wa makamashi shaidar tsafta da su wajabta bayyana asalin kowane metanol, su kuma ware rangwamen haraji ga wanda aka yi da gas ɗin tanderu ko kabon da aka kamo, ban da wanda aka haƙo sabon kwal dominsa.