Idan Kuɗi Ne Ya Ɗora Alƙali A Kujera

Assalamu alaikum. Jama'a, mu nan mun saba da naɗa alƙali ake yi. A Amurka kuwa, jihohi 39 da ƙuri'a suke zaɓen aƙalla wasu daga cikin alƙalansu. Ɗan takara zai yi yaƙin neman zaɓe, ya sa talla a talabijin, talla kuma kuɗi take ci.

Ku ji abin da ya faru a jihar West Virginia. A 2002 kotu ta umarci kamfanin haƙar kwal na Massey ya biya Hugh Caperton, mai wani ƙaramin kamfanin kwal, diyyar dala miliyan 50. Kafin a saurari ɗaukaka ƙara, sai zaɓen kotun ƙolin jihar na 2004 ya zo. Shugaban kamfanin, Don Blankenship, ya zuba kusan dala miliyan 3 don Brent Benjamin ya kayar da alƙali mai ci. Ya kuwa kayar da shi. Tun kafin shari'ar ta iso gaban kotun ƙolin, Caperton ya nemi Benjamin ya janye daga sauraronta, ya ƙi. A 2007 alƙalai uku suka rinjayi biyu, aka soke diyyar, Benjamin na cikin ukun.

Abin da ya fi damuna, ba a ɓoye aka kashe kuɗin nan ba, kuma ba wanda ya kira shi cin hanci a gaban doka. To amma Bahaushe ya ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ko alƙalin ya rantse zuciyarsa fes take, wa zai gamsar da wanda aka kayar a shari'ar?

A 2009 Kotun Ƙolin Amurka ta ce ya kamata Benjamin ya janye, da ƙyar ma, biyar da huɗu. Watanni kaɗan bayan haka, a Janairun 2010, kotun dai ta yanke hukuncin Citizens United, wanda ya ba kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago damar kashe ko nawa ne a talla, muddin ba hannun ɗan takara suka miƙa ba.

A 2025 kujera ɗaya tak ta kotun ƙolin jihar Wisconsin ta cinye sama da dala miliyan 100. Ɗan takarar da Elon Musk ya mara wa baya ya faɗi, gaskiya ne, amma ita Susan Crawford da ta ci, ai masu hannu da shuni ne suka tsaya mata. Kuma a jihar, ƙa'idar da kotun ta kafa a 2010 ta ce gudummawar zaɓe kaɗai ba ta tilasta wa alƙali janyewa daga shari'ar wanda ya ba shi.