Jawabi kan Tallafa wa Motocin Sintirin 'Yan Sanda a Birnin Kano

Assalamu alaikum. Mai girma shugaba, iyayenmu dattawa, 'yan uwa maza da mata, barkanmu da war haka.

A zaman da ya wuce wasu sun ce mu haɗa kuɗi mu sayi sabuwar Hilux mu kai hedikwatar 'yan sanda ta Bompai. Ni ina ganin ba nan ya kamata kuɗinmu ya tafi ba. Mota ɗaya ce, a yanke mata kyalle, a ɗau hoto, shi ke nan. Mu duba waɗanda ke kan titi yanzu. Duk wanda ya je gida kwanan nan ya ga yadda suke: gilashi a tsage, taya ta suɗe, samari shida a bayanta babu abin da ya raba su da jifa ko sara. Da wannan ake tura su raba faɗan 'yan daba a Kurna ko Ɗorayi da tsakar dare. Kuma ba mu manta 20 ga Janairun 2012 ba, ranar da aka kai wa hedikwatar Bompai da ofishin shiyya ta ɗaya hari.

Abin da nake nema ƙarami ne: ragar ƙarfe a gilashin gaba da tagogi, tayoyi masu kyau, oba-oba, tukunyar kashe gobara, da akwatin agajin gaggawa mai abin tsayar da jini. Ragar nan ma ba sai daga Ingila ba, ga ƙarfe a Ƙofar Ruwa, ga masu walda 'ya'yanmu.

Rigar sulke kuwa, don Allah kada wani ya saya ya cusa a kwantena. Ba ta shiga Najeriya sai da takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Wannan sai mu bi ta hannun rundunar.

Na ji Alhaji yana cewa ai aikin gwamnati ne. Gaskiyarka, Baba, a 2019 an yi dokar asusun tallafa wa 'yan sanda. Amma Legas ta kafa nata asusun tun 2007, 'yan kasuwa suna zubawa, ba su zauna jiran Abuja ba.

Sharaɗi ɗaya: ba za mu ba kowa kuɗi a hannu ba. Kaya za mu saya, a rubuta lambar kowace mota, wakilinmu na Kano ya gani da idonsa an ɗaura. Ma'aji na nan da takarda, a fara rubuta suna kafin a ci abinci. Na gode.