Fodkas: Ƙasar da Girgiza Ta Afka Wa, a Je ko a Dakata?

Malam: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka daga nan Kaduna. Ina tare da Hajiya, mai shagon labule da dardumomi a Kasuwar Gumi, ga kuma Autarmu. Wata baiwar Allah daga Tudun Wada ce ta aiko tambaya: idan girgizar ƙasa ta afka wa ƙasar da kake saro kaya, a je ko a dakata?

Hajiya: Ai mu ta faru a kanmu a 2023. Ranar 6 ga Fabrairu, kafin asuba, girgiza mai ƙarfin maki 7.8 ta afka wa kudancin Turkiyya da arewacin Siriya. Bayan kamar awa tara wata mai 7.5 ta biyo. Mutum sama da 50,000 suka riga mu gidan gaskiya. Ni kuma ga biza a hannu, 'ya'yana suka ce ko tashar jirgin ƙasa ta Rigasa ba zan taka ba, balle Abuja.

Auta: Anti, ba su yi laifi ba. Lokacin ne fa aka ciro gawar Christian Atsu, ɗan ƙwallon Ghana, daga ɓaraguzai a lardin Hatay na Turkiyya.

Malam: Gaskiya ne. Amma a fara buɗe taswira. Mu da mun ji "Turkiyya" sai mu ɗauka gari ɗaya ne. Daga Istanbul zuwa Gaziantep, yankin da girgizar ta afka wa, a mota ya fi kilomita 1,000, ya zarce nisan Kaduna zuwa Legas. Larduna 11 abin ya shafa, babu Istanbul a ciki.

Hajiya: Shi ya sa da ƙura ta ɗan lafa na tafi. Laleli, unguwar 'yan kasuwa a Istanbul, a buɗe take, ana ciniki. Sai dai yawancin dardumomin da muke sarowa a Gaziantep ake saƙa su, kaya ya yi wuya. Amma ba wannan ne ya tsaya min a rai ba, Malam. Akwai dattijon da na saba saye a wurinsa, danginsa 'yan Hatay ne. Na tarar rabin shagon katan-katan ne na barguna da zai aika gida, ga kofin shayi a gabansa ya huce bai taɓa ba. Wallahi bakina ya ƙi furta farashi. Ta'aziyya na fara yi masa, sai washegari na koma muka yi ciniki, abin da ya faɗa shi na biya.

Auta: To ni nan ne nake da ja. Mutane na makoki, kai ka zo saro kaya ko yawon buɗe ido?

Hajiya: Auta, in kowa ya ƙaurace musu, da me za su ci? Da me dattijon nan zai sayi barguna? Gidan rasuwa ai zuwa ake yi, sai dai akwai ladabin shiga.

Malam: Dubi Maroko. A ranar 8 ga Satumba 2023 girgiza mai maki 6.8 ta hallaka kusan mutum 3,000, akasari a ƙauyukan tsaunukan Atlas. Wata guda bayan nan aka yi taron Bankin Duniya da IMF a Marrakesh, ba a ɗage ba. Abin da ba na goyon baya shi ne kutsawa inda ake aikin ceto. Hanya ta motocin asibiti ce, ɗakunan otal kuma na waɗanda suka rasa muhalli ne.

Auta: Da masu tsayawa gaban ɓaraguzai suna ɗaukar bidiyo don TikTok. Ƙarƙashin ginin nan fa iyayen wani ne.

Hajiya: Allah Ya kyauta.

Auta: Malam, in mai tambayar tana can kuma ƙasa ta sake motsi fa? Mu ba mu saba ba.

Malam: Ba mu saba ba, duk da mutanen Kwoi a ƙaramar hukumar Jaba ta nan Kaduna sun ɗan ɗanɗana a 2016. Bayan babbar girgiza ƙanana kan yi ta biyowa har tsawon watanni, ginin da ya tsage kuma ƙarama ma na iya kayar da shi. A Afrilun 2025 mai maki 6.2 ta kaɗa Istanbul, kuma da yawan waɗanda suka ji rauni tsoro ne ya sa suka diro daga benaye. Kada a diro, kada a shiga lif. A durƙusa ƙarƙashin tebur mai ƙwari, a kare kai, sai ta tsaya a sauka ta matakala.

Hajiya: Ni yanzu fasfo da waya da takalmi a gefen gado suke kwana. Lambar ofishin jakadancinmu na Ankara kuma a takarda nake rubuta ta, don caji na iya ƙarewa.

Malam: Ki kuma tambayi mai inshorar tafiyarki ko ta haɗa da girgizar ƙasa, baiwar Allah, tun kafin ki biya kuɗin tikiti. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, sai mun haɗu a shiri na gaba.